Wanda Ya Sace Saurin Ordinatar

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara. Ni ba marubuciya ba ce, 'yar ajin ƙarshe ce a kwaleji, kuma sau uku ina yage wannan shafin na farko. Karatun littattafan mutane na iya, shi ma a ɓoye. Amma abin da ya faru a lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, cikin bazarar bana ya ƙi barin kaina, ga shi kowa a gari yana ba da shi ta inda bai faru ba. Sunana Ruma'isa. Sunan garin ba zan faɗa ba. Yana tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, wanda ya sani ya sani.

Ranar Litinin aka tashi da labarin an yi sata a biron dirakta, wato ofishinsa. Abin da ya rikita mutane shi ne babu wanda ya ga abin da ya ɓace. Ƙofa lafiya, taga lafiya, ordinatar ɗinmu, wato kwamfuta, guda ɗaya tilo tana nan inda take. Saurinta ne aka ce an sace.

Da, idan Madam Hinda sakatariya ta danna abu, kafin ta ɗaga yatsa ya buɗe. Yanzu sai wani ɗan zobe ya fito a ekiran, gilashin da ake kallo, yana ta juyawa. Takan tashi ta je randa ta sha ruwa, ta gaisa da masu tallar gyaɗa a bakin ƙofa, ta dawo, jerin abubuwan da ta nema bai gama saukowa ba.

Sau biyu dirakta, Mushe Abdulwahabu, kamar yadda muke ce wa malamai maza da Faransanci, yana kiran Nasiru mai gyara daga Magaria. Sau biyun kuma na'urar ta yi gudu a gabansa kamar ba ita ba. A zuwa na biyu Nasiru ya ce irin wannan nauyin an fi ganinsa idan an zare baret, wani ɗan siririn abu mai kama da mashaci da ke riƙe mata tunani. Amma ya duba, baret biyun suna nan. Ya hau kabu-kabu ya koma. Washegari zoben ya dawo.

Mushe Faruku, sirbeyan mai kula da ladabtar da mu, shi ya haɗa lissafin. Ya ce ɓarawon na gida ne, yana zare baret ɗin, idan ya ji Nasiru na tafe sai ya mayar. Wa ke da makullin biro ban da dirakta da shi kansa? Goggo Ƙande mai shara. Wa ke da ɗa mai sayar da kayan waya a Magaria? Goggo Ƙande. Wa ake gani tana shiga biro bayan la'asar ta turo ƙofa, ta daɗe fiye da sharar ɗaki ɗaya?

Aka tambaye ta me take yi a ciki. Ta ce shara. Aka sake tambaya, ta ce shara. Shekara goma sha ɗaya tana aikin nan, aka karɓe tsintsiyarta a gaban ɗalibai, dirakta ya ce ranar Alhamis zai kai ta wurin jandarma a Dungas.

Ni na san me take yi a ciki. Ni take jira.

*

Maigari ya ce ba a taɓa fitar da maganar sata daga garin nan ba sai Baba Zakariya'u ya duba ƙasa, kuma ba a kansa za a fara ba. Dirakta ya ce, ranka ya daɗe, wannan ba jaki ba ne. Maigari ya ce ya ji, amma a bari ya duba.

Baba Zakariya'u mai bin sawu ya haura saba'in. Ya taɓa bin rakumin da aka sace har bayan Bande, kwana biyu a ƙafa, ya dawo da shi da ɓarawon. Ko wayar hannu ba ya riƙewa. Ranar Laraba da hantsi ya zo da sandarsa, muka yi cincirindo a tagar biro lokacin hutun rabin awa.

Bai shiga ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon daɓen siminti har dirakta ya fara duba agogo. Ya tambaya tun yaushe ba a yi shara ba, aka ce kwana uku, tun da aka dakatar da mai yi. Ya ce madalla, wannan ne kaɗai abin kirkin da aka yi.

Da ya shiga sai ya nuna ekiran da sanda, ya tambayi Madam Hinda ko wannan ce dabbar. Ta ce a'a Baba, wannan fuskarta ce, cikinta yana cikin akwati. Ta nuna masa akwatin ƙarfe kore da ke ƙarƙashin taga.

Akwatin nan abin alfaharin dirakta ne. A lokacin sanyi ya ji an ɗauke ordinatar a wata makaranta, ya zana shi da hannunsa, ya sa mai walda ya ƙera, aka dasa shi da siminti. Babu ko huda a jikinsa sai ƙaramin ramin wayoyi ta baya. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa kwaɗon.

"Fuska a waje, ciki a kulle," in ji Baba Zakariya'u. "To."

Ya zagaya akwatin bai taɓa shi ba. Ya daɗe yana kallon gefen murfin. Ya sunkuya ya shinshina samansa, muka ƙyalƙyale da dariya, Mushe Faruku ya kore mu da dorina. Kafin in bar tagar na ga tsohon ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, can lungun da tsintsiya ba ta kaiwa.

*

A gindin dogon yaro ya yi tambayoyinsa, kuma tagar ajinmu tana kallon wurin. Darasin lissafi ake yi, ban ji ko kalma ɗaya daga cikinsa ba.

Madam Hinda ta ce ita ba ta yarda da zancen baret ba. Birus ne, cutar da na'ura ke ɗauka daga kile, ɗan abin da ake soka mata don kwafar kaya, kuma ta san malaman da ke kawo nasu cike da wasannin kwaikwayo. Baba ya tambaya ko cutar tana da kunya ne, da take ɓuya idan mai magani ya zo. Ya tambaye ta ƙarfe nawa take fara aiki. Ta ce tara, sai ta kai yaranta. Ya ce a lokacin na'urar tana barci ko a farke? Ta ce kullum a kunne take samunta, dirakta ke kunnawa.

Dirakta ya ce shi bai taɓa kunna ta ba, ya ɗauka Madam ce. Daga nan ya sassauta murya ya ce shi har Nasiru ya fara zargi, ko yana saka mata wani abu ne don a riƙa kiransa.

Mushe Faruku ya ce shi ƙarfe bakwai yake buɗe biro ya ɗauki alli, ƙarfe goma ya koma ya ɗauki rajistar masu latti. Ban da haka babu abin da ya haɗa shi da ɗakin. Ya ce a daina wahalar da dattijo, ɓarauniya tana gidanta tana tankaɗe.

Aka aika aka kira Goggo Ƙande. Ta zo da lulluɓinta na zuwa biki, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa.

"Ƙande," in ji Baba, "me kike yi a ɗakin nan bayan la'asar?"

"Shara, Yaya."

"Ɗakin bai wuce taku shida ba. Na san sharar mahaifiyarki, ta fi haka sauri."

"Ita ce. Ni a hankali nake yi."

"Gobe fa Dungas za su kai ki."

"Na daɗe ban je Dungas ba," in ji ta. Amma na ga yadda ta damƙe bakin lulluɓin.

Kafin a tashi, zance ya rabu huɗu a tsakar lakwal. Masu baret, masu birus, masu Nasiru, da waɗanda suka ce tun da aka sare tsamiyar bayan biro ba a zauna lafiya ba. Ni kaɗai nake da zance na biyar, kuma nawa ne na yi imani shi ne gaskiya.

*

A hanyar gida na sami Baba Zakariya'u zaune a gindin gawo, shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi zan wuce.

"Jikata, wa ya liƙe miki ɗunduniyar takalmin hagu da wuta? Bai iya ba. Ya bar tudu."

Na zauna a ƙasa.

Ya ce ya ga tudun nan a lungun ƙarƙashin tebur, inda mai gajeren ƙafa ke tokarawa idan kujera ta yi mata tsawo. Ya buɗe tafin hannunsa, ga ɓurɓushin takarda rawaya, irin wadda gara ta ci.

Na faɗa masa duka, ina kuka. A kan kantar biro akwai wani tsohon littafin labari na Hausa, ba bango, ba sunan mai shi, gara ta cinye gefensa. Ranar da na taya Goggo ɗaukar ruwa na gan shi. Duk buɗewa sai wani shafi ya zube. Na roƙe ta ta bar ni in kwafe shi cikin ordinatar kafin ya ƙare, tunda an koya mana bugu a aji. Ta ce ita ba ta san A ba, amma ba ta son ganin abu yana mutuwa a gabanta. Tun watan sanyi take tura ƙofa ta zauna a kan bokiti tana gyangyaɗi, ni ina bugawa. Shafi casa'in da shida na zuba mata a ciki.

"Ni na cika mata ciki, Baba. Nauyin littafin ne. Ba wanda ya saci komai, ni ce."

Ya daɗe yana zane a ƙasa da sanda. Ya ce shi bai san ko baƙi yana da nauyi ba, wannan sai malamai. Amma zai yi mini tambayar da yake yi wa duk mai jakin da ya zo masa da ƙorafi.

"Idan kin tashe ta da la'asar, tun daga turke take ɗingishi, ko sai an yi nisa?"

Ban taɓa tunanin haka ba. Na ce da farko gudu take yi, shafi ɗaya, biyu, har uku. Wajen na huɗu sai in buga harafi in jira shi ya fito. Na ɗauka kowane shafi ƙarin kaya ne.

"Washegari fa, da kayan jiya duk a bayanta, da gudu take farawa?"

"Da gudu."

"To jakin da kaya ya yi wa yawa ba ya farawa da gudu."

Na ce to mene ne? Ya ce bai gama sani ba. Ya ce in zo gobe da azahar, in tsaya a baya, kada in buɗe baki sai na ga an ɗora Ƙande a kan babur. Na koma gida na fi da rikicewa. Da safe ina da laifi na san sunansa, yanzu ko shi an karɓe.

*

Ranar Alhamis rana ta take. Kabu-kabu biyu suna jira a inuwar katanga, ɗaya na dirakta, ɗaya na Goggo. Baba ya sa Maigari ya aika an ɗauko Nasiru ba tare da an gaya wa kowa ba, kuma ya hana a taɓa akwatin. Biro ya cika: Maigari a kan kujerar dirakta, Madam Hinda a gaban ekiran, Mushe Faruku a bakin ƙofa, Goggo a ƙasa. Ni ina bayan wasu 'yan ajinmu, na riƙe maganata a baki kamar ruwan zafi.

Baba ya ce Madam ta nemi wani abu. Ta danna. Zoben ya fito ya kama juyawa, aka bar shi yana yi.

Ya nuna gefen murfin akwatin da sanda. Zanzaro ya yi gininsa na laka a daidai inda murfi ya haɗu da jiki, ɗaki uku, duk sun bushe, babu tsaga. Ya tambayi Nasiru yaushe ya zo na ƙarshe, ya ce kwana goma sha biyu. Baba ya ce to ga shaidar da ba ta cin goro: tun da zanzaro ya fara ginin nan ba a ɗaga murfin ba. Abin da ke ciki yanzu shi ke ciki duk kwanakin da take wannan nauyin.

Mushe Faruku ya ce ai shi ke nan, a buɗe a ga babu baret.

"Za a buɗe," in ji Baba. "Mushe Dirakta, ɗan ɗora hannunka a nan tukuna."

Dirakta ya ɗora tafinsa a saman akwatin, ya fizge shi yana yarfewa.

"Wuta," in ji shi. "Me ya sa wannan zafi haka?"

"Akwai wanda ya riga ka sani."

Baba ya matsar da mutane don haske ya faɗo. A kan koren fentin akwai zobba uku na maiƙo, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ya ce wannan sawun gindin kwano ne. Kwana uku ba a goge ba, sawu uku. Ya ce ya shinshina, miyar kuka ce da man shanu, ba ta jiya ba, ta shekaranjiya. Wani yana zuwa ƙarfe bakwai ya tashi dabbar daga barci, ya ɗora mata kwano, ƙarfe goma ya dawo ya tarar da ɗumamensa ya yi daidai.

Babu wanda ya kalli Mushe Faruku da farko. Daga baya kowa ya kalle shi.

Ya ce shi bai saci komai ba. Ya ce zafin yana nan a banza ne. Ya ce matarsa ta tafi wankan jego tun watan jiya, kuma shi mutum ne mai gyambon ciki, ba ya iya cin abu da sanyi.

Goggo Ƙande ta gyara zama.

"Ashe murhu ka samu, Mushe. Wata guda ina goge zoben nan ina cewa ko aljanun tsamiya ne ke karin kumallo."

Har Maigari sai da ya rufe baki da hannun riga.

Baba ya ce kwanon bai yi laifin komai ba, hanya kawai ya nuna. Laifin mai kwanon shi ne ya san tana ƙuna ya yi shiru, ya nuna wata. Ya ce shi bai san ordinatar ba, amma duk abin da ke aiki yana numfashi, kuma ya ji wani abu yana huci a cikin akwatin nan. An kulle ta cikin sanyi, ba ta damu ba. Bazara ta zo ta same ta a ɗakin ƙarfe ba taga.

Nasiru ya dafe kai. Ya ce duk zuwansa a kan tebur yake samunta, dirakta ya riga ya fito da ita ya goge. Shi ya ɗauka sai an tashi ake mayar da ita akwati. Ya ce idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, ko ɗan koyo ya san wannan.

Dirakta ya buɗe kwaɗon, ginin zanzaro ya ruguje. Wani hucin ya fito kamar an buɗe tanda. Nasiru ya kashe ta, ya kwance gefenta, ya ƙirga baret a gaban kowa: ɗaya, biyu. Maigari ya ɗauko faifai daga kan randa ya miƙa wa Mushe Faruku, ya ce tunda shi ya ci moriyar zafin, shi zai yi fifita. Ya tsuguna yana yi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Da aka sake kunna ta, Madam Hinda ta danna, abin ya buɗe kafin ta ɗaga yatsa. Ta sake dannawa don ta tabbata. Ta sake.

Dirakta ya tsaya kallon akwatinsa. Daga nan ya cire hularsa ya durƙusa a gaban Goggo, a gaban ɗalibai, ya ce Goggo ki yafe mini. Ta ce ta yafe, a ba ta tsintsiyarta, ɗakin nan ya zama juji. Maigari ya leƙa ya sallami masu kabu-kabu.

Na ɗauka an gama. Sai dirakta ya ce saura abu ɗaya da bai gane ba, me take yi a nan da la'asar?

Goggo ta kalli rufi. Baba Zakariya'u ya kama gyaran igiyar takalminsa.

"Mushe, zo ka ga," in ji Madam Hinda. Tana ta danne-danne don murna, ta buɗe jerin abubuwan da aka taɓa kwanan nan. A sama akwai wanda ba nata ba. Na san sunan da na ba shi: Marar Bango.

Nasiru ya leƙa ya ce rubutu ne kawai, duk ɗinsa bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Wata huɗu ina ɗauke da dutse, ashe bai kai hoto ɗaya ba.

Dirakta ya sa tabarau ya fara karantawa a fili, da niyyar ya gano mai laifi. Ya karanta layi uku. Muryarsa ta canja. Ya ce ya san wannan labarin, a aji uku na firamare malaminsu yake karanta musu shi ranar Juma'a, ya ɗauka gara ta gama da shi. Ya ja kujera ya zauna. Maigari ya ce ya ɗaga murya, ba a ji daga nan. Mushe Faruku ya ci gaba da fifita, amma kunnensa yana wurin.

"Shafi casa'in da shida," in ji dirakta, "ko kuskure ban gani ba. Goggo, wa ya buga wannan?"

"Ni dai ka san ban san A ba."

"Saura nawa a gama?"

Arba'in da huɗu. Amsar ta zo har bakina. Kowa ya matsa gaba yana leƙen ekiran, ƙofa ta zama ba kowa. Na sunkuya na zare takalmana, na hagun mai tudu da ɗan'uwansa, na rungume su a ƙirji. Yashin tsakar lakwal yana ƙuna kamar saman akwatin, amma ban tsaya ba, ban kuma waiwaya ba, har muryar dirakta da ke karanta shafi na biyu ta ɓace a bayana.